A Ƙara Mini Gyara

Farkon ganina da Sharlo a kan wani faifai ne da Yayana ya sayo a babbar kasuwar Maraɗi, irin waɗanda ake cusa fim ashirin a cikin ɗaya. Dala ɗari ya biya. A bayan kwalin akwai hoton wani ɗan guntun mutum mai ƙaramin gashin baki, da malafa, da sanda, da takalman da suka fi ƙarfin ƙafarsa. Rubutun jikin kwalin rabi Sinanci ne, rabi kuma wani irin Ingilishi da ko mushenmu na lakwal bai iya fassara mana ba. Ba mu damu ba. In dai kuran ya zo da dare, sai mu fito da tele tsakar gida, yaran maƙwabta su cika tabarma, a sa Sharlo.

Na ukun cikin jerin shi ne wanda muka fi so, mai gidan katako a cikin ƙanƙara. Ba mu san sunansa ba, "na takalmi" muke ce masa, don a cikinsa ne Sharlo ke dafa takalminsa ya ci. Hoton kuwa kamar kana leƙen mutane ta cikin hazon hunturu. Fuskoki farare fat, ido da hanci sun narke sun zama abu guda. In aka shiga ɗaki mai duhu, sai allon ya cika da ƴan murabba'ai baƙaƙe suna rawa. Wani kiɗan fiyano guda ɗaya ke ta zagayowa, ba ruwansa da ko kuka ake ko faɗa. Mutanen ciki kuma suna ta sauri kamar an watsa wa tururuwa ruwan zafi, har ƙanwata ta tambayi Inna ko haka mutanen da suke tafiya. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne ƙarshen. Daidai inda gidan katakon ya rataya a bakin rami yana lilo, sai faifan ya yi tsalle ya faɗa wani fim daban. Mun goge shi da riga, mun hura masa iska, mun shafa masa man goge baki kamar yadda wani ya ba mu shawara, duk a banza. Shekara da shekaru ina zaune da tunanin cewa a nan labarin ya ƙare, Sharlo ya faɗa rami.

Duk da haka mun yi dariya, kuma ba zan raina wannan faifan ba. Da babu shi da ban san Sharlo ba sam. Sai dai abin da na ɗauka a lokacin shi ne wawan mutum ne kawai mai faɗuwa da tashi, irin abin da ake kunna wa yara don su bar manya su yi hira.

A shekarar 2014 aka ji labarin zinariya a Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas. Duk wanda ya kai wayo a lokacin ya san yadda unguwanni suka rage samari. Yayana yana cikin waɗanda suka tafi. Ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya haɗa kuɗin mota da na guzuri. Ya dawo bayan wata goma sha ɗaya da jaka ɗaya, da tari, da wando da yake ɗaurewa da igiya. Bai kawo komai ba, kuma bai ba kowa labari ba. In an tambaye shi a fada sai ya ce, "Sai godiya," ya miƙa hannu a zuba masa shayi.

A bakans ɗin da ya biyo baya ne nake zuwa wajen wani maƙwabcinmu, tsohon malamin Faransanci da ya yi ritaya, yana taimaka mini da shirin jarrabawa. Kowa Mushe yake ce masa, har jikokinsa. Wata rana na hango hoton Sharlo a kan wani kwali a cikin kabad ɗinsa, sai na yi dariya na ce ai na san wannan wawan.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wawa? A ina ka gane shi, ɗana?"

Na ba shi labarin faifanmu. Ya girgiza kai ya ce, "To ba ka gane shi ba tukuna. Ɗauki ka je da shi. Amma ka riƙe shi ta gefe, kar in ga sawun yatsa. Kuma kar ka kuskura ka maido mini ba ka kalli na biyun ba."

Faifai biyu ne a cikin kwalin, fitowar kamfanin MK2 na Faransa a 2003. A nan na fara sanin sunan fim ɗin: *The Gold Rush*, masu Faransanci na cewa *La Ruée vers l'or*, wato rububin zinariya. A nan kuma na san cewa Sharlo suna ne na wasa da ƙasashe masu Faransanci suka sa masa, mai shi Cali Caplin ne, ɗan Ingila da aka haifa a Landan a 1889, ya rasu a Suwizalan a 1977. Na tambayi Mushe mene ne amfanin faifai na biyu tun da fim ɗaya ne. Ya ce, "In ka sayi ƙosai, ba ka cewa a ƙara maka gyara? To wannan gyara ne." Tun daga ranar ban sake samun kalmar da ta fi wannan dacewa ba, domin ta ɗauki abu biyun da ke cikin kwalin: an gyara hoton ya fito tas, an kuma yi gyara irin na mai ƙosai.

Da dare na sa na farko, ni da Yayana kawai, yara sun yi barci. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ashe mutanen suna da fuska. Layin masu hawan dutse da ke buɗe fim ɗin, wanda a faifanmu ya yi kama da baƙin zare a kan farin ƙyalle, ashe mutane ne ɗaya bayan ɗaya, kowa da kaya a baya. Da aka zo wajen takalmi, sai na ga abubuwan da ban taɓa gani ba duk da na kalli wurin ya fi sau talatin. Na ga yadda Sharlo ke taɓa takalmin da cokali mai yatsu don ya ji ko ya nuna, kamar ƙwararren kuku. Na ga yadda yake naɗe igiyar takalmin kamar taliya, yana tsotse ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya kamar ƙashin kaza, yana ajiye su a gefen faranti cikin ladabi. Dariyar ashe a cikin wannan ladabin take, mutum yana cin takalmi amma bai yarda ya zubar da mutuncinsa ba. Faifan kasuwa ya shafe duk wannan, ya bar mana mutum da baƙin abu a baki.

Ina cikin dariya na lura Yayana bai yi ba. Ya matso kusa da tele. Wurin da ƙaton abokin zaman Sharlo, Big Jim, yunwa ta juya masa kai har yake ganin Sharlo ya zama ƙatuwar kaza, sai ya ce in tsayar.

"Mi ka gani, Yaya?"

"Dubi idon ƙaton nan," in ji shi. "Haka mutum ka kallonka in an kwana ukku ba a ɗora tukunya ba. Wanga da ya yi fim ɗin ga ya san yunwa."

Daga nan ya fara magana. A daren ne na ji yadda motar da ke kawo musu ruwa da abinci ta lalace a hanya, yadda su shida suka raba gwangwanin sardin ɗaya, yadda wani abokin raminsu ya kwana rungume da jarkarsa don kar a sha masa. Ya faɗa yana ɗan murmushi, can kuma ya yi dariya sosai har tarin ya taso. Ban san ko da wani abu daban zai buɗe masa baki ba. Abin da na sani shi ne a faifan dala ɗari idon Big Jim ba ya fita, fari ne kawai a cikin fari.

Washegari na sa faifai na biyu. Daga abin da ke ciki da kuma abin da Mushe ya ƙara mini, na gane Yayana bai yi kuskure ba. Caplin ya tashi cikin talauci, yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta a Landan. Tunanin fim ɗin kuma ya zo masa ne daga abu biyu: hotunan masu neman zinariya na Kulondayik, a arewacin Kanada, suna hawan mashigin Cilkut a ƙarshen shekarun 1890, da labarin wani ayarin matafiya da ƙanƙara ta rufe wa hanya a duwatsun Kalifoniya a 1846, har suka ci fatun takalmansu, wasu ma suka ci gawar ƴan uwansu. Daga wannan abin tsoron ya ciro abin dariya. Takalmin da ya ci a gaban kyamara kuwa da wata baƙar alewa aka ƙera shi. Layin masu hawan dutsen nan ma ba wasan kyamara ba ne, mutum wajen 600 aka kwasa zuwa Turaki, a duwatsun Kalifoniya, suka hau cikin ƙanƙara ta gaske.

Akwai kuma wani ɗan shiri na kusan rabin awa a faifan, inda aka ba wani mai shirya fim dama ya yi magana a kan aikin. Na zaci Bature zan gani. Sai ga Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso, mai *Yaaba* da *Tilaï*, wanda ya samu babbar kyauta a bikin Kan a 1990. Maƙwabcinmu ne, ɗan Sahel, wanda ya san ƙura da fari irin namu, shi aka zaɓa ya yi bayanin fim ɗin ƙanƙara. Wannan kaɗai ya canza yadda nake kallon kwalin. Na daina jin kamar kayan wasu ne na aro.

Amma babban gyaran shi ne wanda ban yi tsammani ba: fim ɗin kansa, karo na biyu. Ashe iri biyu ne. Na asali ya fito a 1925, ba magana a ciki, sai rubutu da ke fitowa tsakanin hotuna. A 1942, lokacin da fim mai magana ya riga ya kori marar magana daga gidajen silima, Caplin ya koma kan aikinsa. Ya cire rubutun, ya sa muryarsa yana ba da labari, ya sa kiɗan da ya tsara, ya yanke wasu wurare har tsawon ya dawo wajen minti 72. Wannan na 1942 shi ne a faifai na farko, domin shi mai shi ya tsayar a matsayin na hukuma. Na 1925 kuwa sai da wasu masana biyu ƴan Ingila, Kevin Brownlow da David Gill, suka sake harhaɗa shi a 1993 daga kwafe-kwafen da suka saura. Shi ne aka ajiye a faifai na biyu, cikin gyara. Wato uwa ce aka ba da gyara a kan ɗiyarta.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A na 1925, Jojiya, yarinyar gidan rawa da Sharlo ke so, ta rubuta takardar ban haƙuri zuwa ga wani saurayin nata mai girman kai, shi kuma don mugunta ya sa aka miƙa wa Sharlo. Sharlo ya karanta ya ɗauka tasa ce, ya haukace don murna, mu masu kallo kuwa mun san ba tasa ba ce. A na 1942 an gyara wurin ya zama kamar shi ta rubuta wa tun farko. Haka ƙarshen: na 1925 ya rufe da sumba a cikin jirgin ruwa, na 1942 ya tsaya kafin a kai nan. Na biyun ya fi taushi, na farkon ya fi ciwo, kuma ni na farkon na fi so. Na faɗa wa Mushe haka da na mayar masa da kwalin. Ya ce shi na mai murya ya fi so, don shi ya gani a silima yana saurayi. Mun yi gardama har aka kira magariba. Da kamfanin ya saka guda ɗaya kawai, da babu abin da za mu yi gardama a kai, kuma da ban san cewa mai fim da kansa yana iya taɓa abin da ya yi shekara goma sha bakwai baya ya sauya masa ɗanɗano ba.

Shi ne kuma ya fahimtar da ni abin da ya sami faifanmu na kasuwa. Ba a sabunta takardar haƙƙin mallakar na 1925 a Amurka ba a 1953, saboda haka kowa ya samu tsohon kwafi sai ya buga ya sayar, kwafi daga kwafi daga kwafi, kowane zubi yana cin wani abu daga hasken hoton. Saurin tafiyar mutane kuma, wani da gangan aka yi shi don ban dariya, wani kuwa laifin na'ura ne: da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, sau da yawa ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa, in aka kunna da saurin na'urar yanzu sai kowa ya zama mai gaggawa. Sannan faifan debede na yau da kullum jiga 4.7 yake ɗauka, daidai fim ɗaya mai kyau. In ka matse ashirin a ciki, dole kowanne ya bar wani abu a ƙofa. Abin da ake fara bari kuwa shi ne ƙananan abubuwa, ƙiftawar ido da motsin leɓe, kuma a nan fim ɗin ban dariya yake ajiye rabin dukiyarsa.

Abin da ya sa na rubuto wannan cikin ɗan littafinmu ba Sharlo kaɗai ba ne. Shi ya samu masu kula da shi. Bayan na mayar da kwalin, na jawo kwandon da muke tara faya-fayai a ƙarƙashin gadon Inna. Yawancinsu na Ibro ne, Rabilu Musa, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a Disamban 2014, Yayana yana Jado. Babu gidan da ba a yi dariyarsa ba daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Na gwada faifai goma sha huɗu, uku suka tashi, su ma suna tsalle. Na je wajen masu tura fim a salula na ce a sa mini *Ibro Awilo*. Abin da aka sa mini an matse shi ya ƙanƙance, lambar wayar wani tana yawo a kan fuskar Ibro daga farko har ƙarshe, an yanke sunayen ƴan wasa, murya kuma tana riga baki fita. Ga wanda ya san Ibro, ya san rabin abin a zare ido yake da karkace baki. Yaron da zai fara ganinsa a wannan kwafin zai ce masa wawa, kamar yadda na ce wa Sharlo.

Gyara kuwa babu ko ɗaya. Ban taɓa riƙe faifan barkwanci na Hausa da aka sake fitarwa tare da hira da waɗanda suka yi aikin ba, ko bayanin shekarar da aka ɗauka da garin da aka ɗauka, ko wuraren da aka yi kuskure aka fashe da dariya. Fim ɗin 1925 na san da me aka yi takalmin cikinsa. Fim ɗin da aka yi da harshena, ina raye, nesa da gidanmu tafiyar yini ɗaya a mota, ko shekararsa sai an yi musu. Namu na gida ma haka. Iyayenmu har yau suna ba da labarin wasannin Yazi Dogo a Tele Sahel suna riƙe ciki, amma mu nawa muka ga ɗaya daga farko har ƙarshe da hoto mai kyau? Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, ya yi *F.V.V.A.* a 1972, yana zolayar masu haukan mace da gida da mota da kuɗi. Na tambayi ƴan ajinmu, mutum biyu ne suka taɓa jin sunan.

Na san amsar da za a ba ni, domin abokina ya riga ya ba ni ita a fada: wa zai sayi faifai mai tsada alhali da dala ashirin ana cika maka salula? Gaskiya ne, kuma ni kaina ban da kuɗin kwali irin na Mushe. Wanke tsohon fim aiki ne na masu na'ura da jari. Amma gyara irin na mai ƙosai bai fi ƙarfinmu ba. Kowannenmu yana da salula mai ɗaukar murya. Waɗanda suka yi wasa a rediyo da tele a shekarun baya, wasunsu suna nan da rai a unguwanninmu, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu komai. Masu tsofaffin shagunan kaset suna da kwalaye da ba a buɗe ba tun da aka daina sayen faifai, kuma kwalin kansa yana ɗauke da suna da hoto da wani lokaci shekara.

Ni dai na fara da abin da ke hannuna. Faya-fayan nan uku da suka tashi na kwafe su a ordinatar ɗin wani abokina ba tare da an matse su ba, na ɗauki hoton kwalayensu gaba da baya, na rubuta duk sunan da ke jiki a wani kaye. Na kuma zaunar da Inna na ɗauki muryarta tana faɗin ranar da aka fara kawo kaset ɗin Ibro gidanmu, da wanda ya yi dariya har ya ɓare kwanon fura. Minti tara ne. In akwai mai irin wannan kwandon a ƙarƙashin gado, ya neme ni ta hannun masu haɗa wannan littafi kafin damina ta sake shiga ɗakin.

Mushe ya rasu bara. Iyalinsa sun aiko mini da kwalin, sun ce ya ambaci sunana. Yayana yanzu yana da ɗan teburin gyaran salula kusa da tasha, ya yi aure, tarin ma ya tafi. Ranar sunan ɗansa, bayan baƙi sun watse, ya ce in kawo "na takalmi" a sa wa yara. Na tambaye shi wanne, mai murya ko marar murya. Ya ce marar murya, shi zai ba su labarin da bakinsa.